Aci-balbal: kyandir ake nufi ko fitilar gwangwani?

Ɗiyar Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni ga manya. Kakarmu ta wajen uba, duk sanda aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai ta ce a kunna mata aci-balbal, alhali abin da take nufi shi ne farin bujin nan da muke saya a shago. Maƙwabciyarmu kuwa, wadda aure ya kawo daga Mubi, ta ce sam ba haka ba ne, wannan sunansa kyandir, aci-balbal wata aba ce daban da ake yi da gwangwani. Yaran gidanmu ba su san ko ɗaya daga cikin biyun ba, buji kawai suka sani. Ina koyar da ƙananan yara da yamma, kuma ba na so in ba su abin da ba daidai ba. Don Allah mene ne ainihin aci-balbal?

Dattijon Marwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Maƙwabciyarki ta fi kusa da gaskiya, amma kada ki yi saurin cewa kakarki ta yi kuskure.

Aci-balbal fitila ce mara ƙwai. Gwangwanin madara ko na tumatir ake samu, maƙerin farin ƙarfe ya yi masa murfi, ya huda tsakiyar murfin ya liƙa ɗan siririn bututu da dalma, wani lokaci ya ƙara mata mariƙi a gefe. Sai a yago tsumma mai kyau na auduga, a murza shi, a zura ta cikin bututun har ya kwanta a gindin gwangwani. Lagwani ke nan. A zuba kananzir, a jira lagwanin ya sha, a ƙyasta ashana. Ba ta da abin ɗaga lagwani, ba ta da abin rage wuta. In kana so ta ƙara haske sai ka ja lagwanin sama da tsinke, in ta cika hayaƙi ka tura shi ƙasa.

Mu teloli da ita muka yi ɗinkin salla tun muna yaran shago. Goman ƙarshe na azumi ba a barci, keke yana ta kuka, aci-balbal tana gefen allura. Da asuba in ka zo alwala ka shaƙa ruwa ka fyace, baƙi za ka gani. Mai shayi da ita yake, mai tsire da ita yake, mai ƙosai a bakin hanya da ita take. In ka hango kasuwar dare daga nesa, 'yan wutar nan da suke rawa su ne shaidar akwai mutane.

Su tsofaffi irin kakarki, duk wata wuta da take tsirara a kan lagwani, ba gilashi, iska tana kaɗa ta, aci-balbal suke ce mata. Da buji ya shigo gidajenmu ya tarar da sunan nan a bakinsu, sai suka yafa masa.

Bakanike:
Baba sannu da ƙoƙari. Ni dai a garejinmu in ka ce a ba ka buji, na babur za a miƙo maka, wanda yake ba inji wuta. 'Yan Najeriya kuma in sun zo gyara fulogi suke cewa. Shi ya sa ma ni nake ganin gara mu riƙe kyandir a kan na kunnawa, a bar wa injuna buji, kowa ya san inda ya dosa.

Malamin Allo, Kusiri:
Bismillah. Ina so in ja hankalin 'yan uwa cewa yawancin kalmomin nan na haske daga Larabci muka same su. Fitila ita ce fatila, kuma a Larabci lagwanin ne sunansa fatila, wato abin da aka murza, daga fatala, ya murza igiya. Mu kuma muka ɗauki sunan lagwani muka ba wa abin gaba ɗaya. Kalmar tana cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i da Suratul Isra'i, inda Allah yake cewa ba za a zalunci kowa ba ko da gwargwadon fatil, kuma masu tafsiri suka ce shi ne ɗan siririn zaren nan da yake cikin tsagin ƙwallon dabino. Duk mai cin dabino ya san shi.

Kyandir ma ni a wurina ƙindil ne. Larabawa suna ce wa fitilar da ake ratayewa a masallaci ƙindil, jam'i ƙanadil. Ku saurari lafazin: ƙindil, kyandir. Ba sai an je Turai neman asalinsa ba.

Ɗalibin Harshe:
Allah ya gafarta Malam, maganar fitila ba ja a cikinta, haka take. Amma a kan kyandir ina neman izini in faɗi abin da nake gani.

Kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci masu harafin ƙaf, yawanci da al ɗinsu suke shigowa, kuma ƙaf ɗin ya zauna ƙa: alƙalami, alƙali, alƙibla, Alƙur'ani. Da ƙindil ne ya shigo ta hannun malamai, da siffar nan za mu gan shi. Shi kuwa kyandir sawunsa sawun Ingilishi ne. A duba ƙarshensa. Bature ya ce table muka ce tebur, ya ce pencil muka ce fensir, ya ce candle muka ce kyandir. Lam ɗin ƙarshe ta koma ra a duka ukun. A duba farkonsa kuma: kyaftin, kyamara, kyandir, duk tafiyarsu ɗaya. Sannan akwai shaidar ƙasa. Ina aka fi jin kyandir? Kano, Zariya, Yola, Mubi, Maiduguri, inda Ingilishi ya yi mulki. Da ka tsallako Garwa ko Marwa ko Injamena sai ka ji buji, haka ma a Damagaram da Maraɗi. Da kalmar ta malamai ce da ba ta tsaya a kan iyakar da Turawa suka shata ba, don fitila ba ta tsaya ba, tawada ba ta tsaya ba.

Malamin Allo, Kusiri:
Ɗana, hujjarka tana da nauyi, na ji ta. Amma ƙindil ya girmi zuwan Ingilishi ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru, kuma malamanmu sun karanta shi a littattafai. Kunnen da ya saba da ƙindil ba zai yi baƙunta da kyandir ba.

Malamar Faransanci, Ngaundere:
Malam da ƙanena ɗalibi, ku yi haƙuri in shiga tsakani, domin hanyoyinku biyu suna haɗuwa a gaba. Ƙindil na Larabci da kalmar Ingilishi duk tushensu ɗaya, kalmar Latin ce, kandela. Ta bi ta Girkanci da Siriyanci ta shiga Larabci, ta bi ta wata hanyar ta shiga Ingilishi da Faransanci. Don haka kamannin da Malam ya ji ba kunnensa ne ya yaudare shi ba, 'yan uwan juna ne.

Abin da na fi so ku sani shi ne labarin buji, don mutane da yawa suna ɗauka kalmar Faransa ce tsantsa. Sunan gari ne a Afirka. Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya, yankin Kabilawa. Tun ƙarnonin da suka wuce fataken Turai suke zuwa tashar jirgin ruwan garin suna sayen kakin zuma, Faransawa suna kiran garin Buji, sai sunan ya bi kakin, daga baya ya bi abin da ake yi da kakin. Wato kalmar ta fita daga Afirka a jirgin ruwa, ta dawo mana a bakin 'yan mulkin mallaka.

Kuma su ma Faransawa suna da irin wannan rabe-raben da muke yi yanzu. A da suna da shandel, suna da buji. Shandel na talaka ne, da kitsen tumaki ko na shanu ake yin sa, yana wari, yana hayaƙi, yana zuba, kuma dole mutum ya zauna kusa yana datse masa lagwani. Buji na kakin zuma ne, na fada da coci da gidajen masu hali. Da masana'antu suka zo, wani masanin sinadarai mai suna Chevreul ya gano yadda ake tace kitse a fitar da sashensa mai tauri a shekarun 1820, daga baya a shekarun 1850 aka fara yi da kakin da ake samu daga man ƙasa, sai abin ya yi araha, kowa ya koma buji. Yau yaron Faransa a karin magana da tsofaffin littattafai yake haɗuwa da shandel. Nakan tuna da wannan in na ji yaranmu ba su san aci-balbal ba.

Ɗan Injamena:
Mu nan Chadi uku muke ji. A lekol, wato makaranta, da ofis buji, a kasuwa sham'a saboda Larabcin Chadi ne harshen ciniki, a gida kuma iyayenmu da suka zo daga Kano da Barno suna cewa kyandir. Mutum ɗaya zai iya faɗin duka ukun a yini guda, ya danganta da wanda yake gabansa. Ka tsallaka gadar Ngeli ka shiga Kusiri duk haka ne. Amma aci-balbal ɗaya ce ba ta da kishiya, kuma ban taɓa jin wanda ya kira ta da sunan kyandir ba, sai dai a kira kyandir da sunanta kamar yadda kakar 'yar uwarmu take yi.

Goggon Gidar:
'Ya'yana kuna ta maganar gwangwani da kananzir kamar da su aka halicci duniya. Kananzir baƙo ne. Kafin shi fa?

Ni na tarar da kakata tana da fitilar kasko. Ɗan ƙaramin kasko ne na yumɓu, mai ginin tukwane take yin sa da ɗan baki a gefe. A zuba man kaɗe ko man gyaɗa, a ɗauko abawa, zaren nan mai kauri da mata suke kaɗawa da mazari, a murza ta ninki biyu ko uku, a kwantar a cikin man, a bar kanta ya leƙo ta bakin kaskon. Wutarta ƙarama ce, a natse take, ba ta da baƙin hayaƙin kananzir, ɗaki ma ƙanshin mai yake yi. Akwai 'yar alkuki a jikin bango inda ake ajiye ta. Ba a barinta tana ci a banza, don man nan shi ne na miya, shi ne na shafawa. A ci tuwo, a shimfiɗa wa yara, a hure. In akwai farin wata ma ba a kunnawa, tsakar gida ake zama.

Akwai kuma abin da yara suke yi, wanda a ganina shi ne ya fi kama da kyandir ɗin da kuke magana. 'Ya'yan bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi, in sun bushe sai a ɓare su, a jera su a jikin tsinke ɗaya bayan ɗaya, a kunna na sama. Mai ne cike da su. Na sama yana cinyewa yana kama na ƙasa har tsinken ya ƙare. Haka ake yi da 'ya'yan zurma. Amma a kiyaye, duka biyun guba ne, ba a barin ƙaramin yaro ya kai baki.

In kuma fita za a yi da dare, ko za a duba akurki ko a ɗebi zuma, jiniya ake ɗaurawa, damin ciyawa busasshiya a kunna kansa. Yanzu in ka ce jiniya yaro kukan motar gwamna zai tuna.

Ɗalibin Harshe:
Goggo Allah ya ƙara lafiya, wannan bayani ya fi ƙarfin abin da muke karantawa. Tambayata: ita fitilar kaskon ma aci-balbal ake ce mata?

Goggon Gidar:
A gidanmu fitila kawai ake cewa. Ita ba ta balbal, ai na gaya muku a natse take ci. Ta kananzir ce mai rawar kai.

Dattijon Marwa:
Hajiya ta taɓo inda maganar take. Sunan nan ba sunan gwangwani ba ne, ba sunan mai ba ne, yanayin cin wutar aka kalla. Bahaushe yana cewa wuta tana ci, in kuma harshenta yana tashi yana kaɗawa sai ya ce tana ci bal-bal. Sai aka ɗauki zancen ɗungurungum aka mai da shi suna, kamar yadda aka yi a-kori-kura, 'yar motar ɗaukar kaya, ko a-daidaita-sahu da Kanawa suke hawa. Shi ya sa na ce kakar yarinyar nan ba ta ɓata Hausa ba. Ta ga wuta tsirara tana rawa, ta kira ta da sunan da ta sani.

Kuma sunan bai fito sosai ba sai da aka sami abin da za a bambanta shi da shi. Da fitilar ƙwai ta zo, mai gilashi da mariƙin waya da ɗan makunnin ɗaga lagwani, ita ce ta masu hali, ita ake sa wa amarya a kayan ɗaki, a wanke ƙwan da toka kowace yamma. Wanda bai kai nan ba yana nan da aci-balbal ɗinsa. A wancan zamani kayan nan yawanci ta kogin Binuwai suke shigo mana. Da damina in kogi ya cika, jiragen ruwa suna tasowa daga Najeriya har tashar Garwa da gishiri da siminti da mai, su koma da auduga da gyaɗa. 'Yan watanni ne kawai a shekara, in ruwa ya ja sai baɗi.

Matashin Kusiri:
Da girmamawa ga iyayena, amma ni ban ga amfanin wannan doguwar muhawara ba. Yau fitilar sola tana ko'ina, waya ma tana da tocila. Abin da ya mutu ya mutu. Aci-balbal alamar talauci ce da ciwon ƙirji, me za mu koya wa yara a cikinta? Gara mu yi maganar yadda wuta za ta zauna a unguwanninmu.

Goggon Gidar:
Ɗana, ba wanda ya ce a koma mata. Ni kaina sola nake kunnawa, jikokina suka sayo mini, kuma na gode Allah da idona ya huta. Amma kar ka ce alamar talauci ce kawai. Mutanen da suka yi karatu a gabanta su ne suka zama malamanku da likitocinku. Ungozoma da ita ta karɓi haihuwar iyayenku. In yaro bai san sunanta ba, ranar da kakarsa za ta ba shi labarin daren da aka haifi ubansa, rabin labarin zai wuce shi.

Matashin Kusiri:
Goggo ban yi nufin raini ba. Abin da yake ci mini rai shi ne har yanzu akwai ƙauyukan da ita ce fitilarsu, ba don sun zaɓa ba.

Ɗan Injamena:
A nan kam gaskiyarka. Chadi tana cikin ƙasashen da mafi ƙarancin jama'arsu suke da lantarki a duniya, ga shi kuwa tun 2003 muke fitar da ɗanyen mai ta bututun da ya ratsa Kamaru zuwa Kribi. Ka fita bayan gari kaɗan ka ga yadda dare yake. Sai dai ko a can ɗin yanzu 'yar tocilar batir ta Sin ta fi aci-balbal yawa, don kananzir ya yi tsada kuma ba kullum ake samunsa ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a ci gaba a hankali, maganar tana da amfani. A bar siyasa a gefe don Allah, a tsaya a kan tambayar.

Malamin Kimiyya, Marwa:
Akwai abin da nake ta jira wani ya tambaya: me ya sa kakanninmu suka yi fitilar kasko amma ba su yi kyandir mai tsayuwa da ƙafarsa ba, alhali suna da auduga, suna da kitse, suna da mai? Ba rashin dabara ba ne. Zafin ƙasarmu ne.

Kyandir yana bukatar abin da zai daskare ya tsaya ƙyam, ya narke kaɗan-kaɗan a saman kawai inda wuta take. Man gyaɗa ruwa ne ko da yaushe. Man kaɗe kuwa da ɗumin jiki ma narkewa yake, kowace mace ta san haka, tana sa shi a tafin hannu yake sakewa. To a garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, yaya za a yi sanda da shi? Kitsen shanu ya ɗan fi su tauri, amma shi ma a bazararmu laushi yake yi ya yi wari. Turai sanyi ne ya ba su damar yin na kitse. Mu abin da ya dace da mu shi ne mazubi da lagwani, kuma shi muka yi. Ko bujin shago na yau, ku lura da shi a bazara cikin ɗakin kwano, za ku tarar ya lanƙwashe tun ba a kunna shi ba.

Game da bal-bal ɗin da Baba ya bayyana, ga dalilinsa. Lagwani yana jawo kananzir sama, zafi ya mai da shi tururi, tururin ne yake ci. In lagwanin ya yi tsawo, man da yake tashi ya fi iskar da take kewaye da shi yawa, sai wani sashe ya kasa ƙonewa ya fita a matsayin baƙin hayaƙi, harshen wutar ya yi ta tsalle. Gilashin fitilar ƙwai aikinsa biyu: yana tare iskar waje, yana kuma jawo iska daga ƙasa ta bi ta kan lagwani a daidaice. Shi ya sa da mai iri ɗaya, ɗaya take ci a natse ɗaya take rawa. Kuma har yau ma'aunin ƙarfin haske a kimiyya sunansa kandela, kalmar nan da Malama ta ambata, kuma hasken kyandir guda ɗaya kusan kandela ɗaya ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Tunda an zo nan, bari in sauke nauyin da yake wuyana, don har yanzu ana amfani da abubuwan nan.

Na farko, kada a kuskura a zuba zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, a fitila, ko a sayi kananzir da ake zargin an gauraya shi da fetur. Kananzir sai ya ɗumama ya kai wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuwa ko a cikin sanyi tururinsa a shirye yake. Fitilar da aka zuba wa gauraye fashewa take yi a hannun mai kunnawa, kuma yawanci yarinya ce aka aika. Kada kuma a ƙara mai alhali wuta tana ci.

Na biyu, a daina ajiye kananzir a gorar ruwa ko ta lemo a ƙasa. Yaro mai rarrafe ruwa yake gani. In tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara da ƙarfi, domin haɗarin shi ne man ya shiga huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe a kai shi asibiti nan take.

Na uku, buji a kan katifa ko kusa da gidan sauro ko a kan akwatin roba, a yi barci a bar shi. Mun ga abin da yake haifarwa, ba na fatan kowa ya gani. A ɗiga kakinsa a cikin faranti na ƙarfe a kafa shi, a ɗan zuba ruwa a farantin, a ajiye a ƙasa nesa da labule.

Ɗiyar Garwa:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Na kwashe duka. Wani abu kuma da na tuna: babanmu in wuta ta zo ba ƙarfi, ƙwan lantarki ya yi ja yana lumshewa, sai ya ce yau aci-balbal aka ba mu. Ashe kalmar ba ta bar gidanmu ba.

Bakanike:
Mu ma muna faɗa wa fitilar babur in batir ya yi sanyi. Kuma a rani an fi ganin haka, lokacin da ruwan madatsar Lagdo yake ja baya. Tun farkon shekarun 1980 ita ce take ɗauke da yawancin arewacin Kamaru, injunanta megawat 72 ne, garuruwa kuwa sun ninka. Tashoshin sola da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage wani abu.

Malamin Allo, Kusiri:
A tsangaya kuwa ko aci-balbal ba mu dogara da ita ba. Almajirai kara da ƙirare suke ɗebowa da yamma, a hura wuta a tsakiya, a kewaye ta da alluna bayan isha'i da kuma kafin asuba. Fitila ɗaya ba za ta isa yaro talatin ba, wutar kara kuwa tana isa, ga ɗumi a lokacin hunturu. Aci-balbal ta malam ce, in zai yi rubutu ko zai duba littafi a zaure.

Mai Zuma, Ngaundal:
Salamu alaikum, na zo a makare amma na karanta tun daga sama. Malamin Kimiyya ya bar abu ɗaya: muna da abin da yake tsayuwa a zafinmu, shi ne kakin zuma. Sai ya kai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, bazara ba ta lanƙwasa shi da sauƙi. Nan Adamawa ƙasar zuma ce, amya tana rataye a bishiyoyi ko'ina cikin daji, kuma kakinmu har Turai ake kai shi. Abin da ya sa ba a ƙona shi don haske shi ne yana da wuyar samu kuma yana da masu nema. Kaɗan ake samu bayan an tace zuma mai yawa. Dukawa suna goga wa zaren ɗinkin fata, maƙeran tagulla suna siffanta abin da za su zuba da shi, masu magani suna nema. Wa zai ƙona wannan a dare ɗaya alhali ga man gyaɗa? A da ma masu ɗiban zuma da yawa matse saƙar suke yi su zubar, ba su san kuɗi suke zubarwa ba.

Malamar Faransanci, Ngaundere:
Yayana, ana iya yin kyandir da shi a gida ba tare da injin komai ba? Ina so in gwada da ɗalibaina.

Mai Zuma, Ngaundal:
Ana yi, ƙanwata, kuma ba wuya. Ki sami gwangwani mai tsawo ki zuba kakin a ciki, ki sa gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi. Kada ki ɗora kaki a kan wuta kai tsaye, yana kamawa. In ya narke ki tace shi da tsumma don ƙafafun ƙudan zuma da dattin saƙa su fita, in ba haka ba zai riƙa tartsatsi. Lagwanin ya zama na auduga zalla, ba mai haɗin roba ba, kuma ki kitsa shi kitso uku maimakon murzawa. Kitsattsen lagwani yana sunkuyar da kansa gefe yana cinye kansa, murzajje kuwa tsaye yake tsayawa ya yi gawayi a ka, sai an yi ta datsewa.

Ki ɗaura ɗan ƙarfe a ƙasan lagwanin don ya miƙe, ki tsoma a cikin kakin ki ɗaga, ki jira ya sha iska ya daskare, ki sake tsomawa. Haka za ki yi ta yi yana ƙara kauri har ya kai kaurin babban yatsa. Kada ki daɗe da shi a ciki, in kin daɗe wanda ya riga ya kama zai narke ya koma. In kakin ya yi zafi da yawa ba zai kama ba, in ya huce da yawa zai yi gudaji, da hannu za ki gane tsakiyar. Da sassafe ya fi yin kyau, ko a lokacin hunturu. Kakin zuma ya fi na shago son lagwani mai kauri, don haka ki yi guda biyu ko uku masu kauri daban-daban ki kunna ki ga wanda ya fi ci daidai kafin ki tara yara. Kuma a sa babba ya tsaya a kan tukunyar, yara su tsoma kawai.